Shirin Jarrabawar LSAT Ga Mai Aikin Yini: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da na zauna jarrabawar LSAT ina kan aikina na ofis, 'yan'uwa mazauna Amurka da Kanada, da wasu daga gida, suke turo mini tambayoyi, kuma yawancinsu iri ɗaya ne. Akwai direban tasi a Bronx, akwai ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, akwai malamin makaranta mai 'ya'ya uku. Kowa yana son shiga makarantar lauyoyi, kuma ba wanda zai iya ajiye abin da yake ci da iyalinsa. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, da abin da nake amsa musu.

Mece ce LSAT, kuma wa ke bukatarta?

Jarrabawa ce ta neman shiga makarantun koyon aikin lauya a Amurka da yawancin na Kanada. Wata hukuma mai suna LSAC, da ke Newtown a jihar Pennsylvania, ita ke shirya ta, kuma tun 1948 ake yin ta. A Amurka ba a karatun lauya a digirin farko. Sai mutum ya gama digiri a kowane fanni, ko tarihi ko kimiyya ko akanta, sannan ya nemi shiga digirin lauya da ake kira JD, wanda ke ɗaukar shekara uku. Shi ya sa da yawa daga masu zaunawa ma'aikata ne da suka daɗe da barin aji.

Ana ba da maki daga 120 zuwa 180, kuma tsakiyar masu zaunawa kan faɗi kusa da 150.

Na yi digirin lauya a Najeriya. Ni ma sai na zauna?

Galibi a'a. Wanda ya yi LLB a Bayero ko Ahmadu Bello, ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi a Bwari ko Bagauda ko Yola, hanyar da aka saba bi ita ce LLM, digiri na biyu a fannin lauya na shekara ɗaya, kuma ba a neman LSAT a kansa. Jihar New York na daga cikin waɗanda ke barin lauyoyin da suka yi karatu a waje su zauna jarrabawar zama lauya idan sun cika sharuɗɗanta. LSAT ta mai neman JD ce, wato wanda digirinsa na wani fanni ne, ko lauyan da ya zaɓi ya soma daga tushe. Ka tantance wanne kake nema kafin ka kashe ko dala ɗaya.

Me ke cikin jarrabawar?

Sassa huɗu ne, kowanne minti 35, da hutun minti 10 bayan sashe na biyu, kuma a kan kwamfuta ake yi. Biyu na auna hujja ne, waɗanda suke kira Logical Reasoning, kowanne da tambayoyi kimanin 25. Ɗaya na karatu da fahimta ne: dogayen nassoshi kashi huɗu, galibi ɗaya daga ciki gajerun rubutu biyu ne da za ka kwatanta. Na huɗun ba a lissafa makinsa, sababbin tambayoyi ake gwadawa da shi, amma ba a gaya maka wanne ne, don haka duka huɗun za ka ba su ƙarfinka. Ba a rage maki a kan amsar da ba daidai ba, kada ka bar ko tambaya ɗaya babu amsa.

Akwai kuma rubutun kare ra'ayi da ake yi daban ta intanet, minti 15 na shiri da minti 35 na rubutu. Ba shi da maki, amma makarantu na karanta shi, kuma ba a sakin sakamakonka sai kana da shi a ajiye. Ma'aikata kan manta da shi saboda hidima, su zauna jiran sakamakon da ba zai fito ba. Ka yi shi da wuri.

An ba ni tsofaffin littattafai masu tambayoyin jera mutane a kujeru da zana jadawali. Suna da amfani?

Wannan sashen an cire shi tun watan Agustan 2024, bayan sulhun da hukumar ta yi a 2019 da wani makaho da ya kai ta ƙara saboda sai da zane ake iya warware tambayoyin. Ka tsallake shi gaba ɗaya. Sauran sassan biyu na tsofaffin littattafan har yanzu suna aiki.

Idan ba doka ake tambaya ba, to me zan zauna in karanta?

Wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci, domin mu da muka taso a kan hadda a nan muke tuntuɓe. Ba a tambayar ko sashe ɗaya na doka. Za a ba ka 'yar gajeriyar magana da wani ya kafa hujja a ciki, a ce ka gano inda ta yi rauni, ko abin da mai maganar ya ɗauka a matsayin gaskiya bai faɗa ba, ko abin da zai ƙarfafa ta. Sana'a ce ake koya, kamar ɗinki, ba darasi ne da ake haddacewa ba.

Ga misali irin nawa. Wani ya ce: duk wanda aka ba lasisin tuƙi sai da ya ci gwajin ido, Audu ya ci gwajin ido, saboda haka Audu yana da lasisi. Kunne zai ji kamar daidai ne, amma cin gwajin ido sharaɗi ne da dole a cika, ba shi kaɗai ke sa a ba da lasisi ba. Abin da za ka iya cirowa daga maganar farko shi ne kawai: wanda bai ci gwajin ido ba, ba shi da lasisi. Bambancin tsakanin abin da ya zama dole da abin da ya wadatar yana dawowa a jarrabawar ta fuskoki da yawa, cikin dogon Turanci da aka nannaɗe don ya ɓoye shi.

Ga na biyu. Wani kamfani ya lura cewa ma'aikatan da ke zuwa aiki a kan keke ba sa yawan ɗaukar hutun jinya, sai ya yanke cewa hawan keken ne ke ba su lafiya. To idan masu lafiyar ne tun asali suke iya hawan keken fa? Idan kuma matasa ne, ƙuruciyar ce ta jawo duka biyun? Duk inda aka ce abu kaza ne ya haddasa kaza don kawai an gan su tare, ka tsaya ka yi waɗannan tambayoyin. Ire-iren kurakuran hujja ba su da yawa sosai, kuma hanyar koyonsu tana cikin amsar da ke kan littafin kuskure a ƙasa.

Wata nawa zan ware, tunda ina aiki awa 40 ko fiye a mako?

Ka fara da jarrabawar atisaye guda, cikakkiya, da agogo, tun kafin ka buɗe wani littafi. Makin da ka samu shi zai nuna maka nisan tafiyar. Kada ya karya maka gwiwa, kusan kowa ƙasa yake farawa.

Shawarata ga mai aikin yini ita ce wata biyar zuwa bakwai, awa 10 zuwa 12 a mako. Awa 11 a mako har mako 26 ya kama awa 286, kuma aiki ne mai yawa idan an yi shi da nutsuwa. Tsarin wata uku da za ka gani ana tallatawa an gina shi ne a kan ɗalibin da ke hutu. Idan ka ɗora shi a kan aikinka, a mako na biyar za ka gaji, ka soma ganin laifin kanka, alhali tsarin ne ba naka ba. Fahimtar hujja tana bukatar kwanaki ta zauna a kai, kuma awa ɗaya kullum ta fi awa bakwai a jere ranar Lahadi.

Wane lokaci ne ya fi, safe ko dare?

Ni dai bayan sallar Asuba ne ya yi mini. Watan farko da dare nake yi, bayan na dawo na ci abinci, sai in karanta tambaya sau uku ban san me ta ce ba. Da na mayar da shi safe, sai in zauna a teburin kicin da kofin shayi, wayata tana can ɗaki a kan caji, in yi sashe ɗaya na minti 35, in yi bitarsa na rabin awa, kafin gidan ya tashi. Abin da ya wahalar ba tashin ba ne, kwanciya ƙarfe goma ne, da barin hirar dare a WhatsApp da mutanen gida.

Mai aikin dare ko direba, ƙa'idar ɗaya ce: ka ba karatun awar da ta biyo bayan barcinka, ba wadda ta biyo bayan aikinka ba. Ƙananan lokuta, kamar cikin jirgin ƙasa ko hutun cin abinci ko jiran fasinja, sun dace da tambaya biyar ko nassi guda, amma ba sa maye gurbin zaman nutsuwa. Rana ɗaya a mako kuma, ka ware awa uku zuwa huɗu don cikakkiyar jarrabawar atisaye, a irin lokacin da za ka zauna ta gasken.

In ajiye aiki in fuskanci karatun kawai?

Ba na ba da wannan shawarar. Na san ana cewa taura biyu ba ta taunuwa, amma a Amurka inshorar lafiyar mutane da yawa a wurin aiki take rataye, ga haya, ga masu jiran saƙo a gida. Fargabar kuɗi tana cin hankali fiye da gajiyar aiki. Makarantu kuma suna ganin ƙimar shekarun da mutum ya yi yana aiki, kuma mai yiwuwa shugabanka ne zai rubuta maka takardar shaida. Abin da ya fi shi ne ka tara kwanakin hutunka, ka ɗauki uku ko huɗu gab da ranar, ka rage aikin ƙarin lokaci a wata biyun ƙarshe idan aljihu zai ɗauka.

Ka sani kuma akwai makarantun da ke da ajin yamma na shekara huɗu don ma'aikata, irin su Georgetown a Washington da Fordham a New York. Ga mai niyyar bin wannan hanyar, watannin shirin LSAT gwaji ne na rayuwar da zai shiga.

Ina yin tambayoyi da yawa amma ban ga canji ba. Yaya ake bitar kuskure?

Yawan tambaya ba shi ne ba. Bayan ka gama sashe da agogo, kada ka duba amsoshin. Ka koma kan duk tambayar da ka yi shakka a kanta, ka sake ta ba agogo, har sai ka iya faɗa da bakinka dalilin da ya sa amsa ɗaya ta yi da dalilin da ya sa sauran huɗun suka faɗi. Sannan ka duba. Wadda ka faɗi da agogo amma ka ci ba agogo, matsalar sauri ce. Wadda ka faɗi sau biyun, akwai abin da ba ka gane ba. Mafi haɗari ita ce wadda ka faɗi alhali ko shakka ba ka yi ba.

Ka samu littafi ka riƙa rubuta kowane kuskure: lambar tambayar, irinta, me ya ja ka zuwa amsar banza, me ya sa ka guje wa ta gaskiya. Ni da Hausa nake rubuta nawa, domin idan na kasa faɗar dalilin da Hausa, na san ban gane ba, kalmomin Turancin kawai nake maimaitawa. Bayan sati uku na zauna na karanta littafin daga farko, sai na ga abu ɗaya ya cika shafukan: inda nassin ya ce “wasu” ko “sau da yawa”, ni sai in zaɓi amsar da ta ce “yawanci” ko “duka”. A jarrabawar, “wasu” na iya zama mutum ɗaya tak, “yawanci” kuwa sai ya haura rabi. Ba wani malami da ya nuna mini wannan raunin nawa, littafin ne.

Ga mai ƙarancin lokaci, tambaya 20 da aka yi wa irin wannan bita sun fi 100 da aka wuce a guje. Kuma tsofaffin jarrabawoyin na gaske suna da iyaka, wadda ka ƙona ba tare da bita ba ta tafi.

Turanci ba harshena na farko ba ne. Yaya zan yi da sashen karatu?

Minti 35 a raba wa nassoshi huɗu, kowanne ya samu minti 8 da daƙiƙa 45, har da amsa tambayoyinsa. Nassoshin daga fannin doka da kimiyya da adabi da zamantakewa suke, kuma ba a bukatar ka san fannin. Kalmar da ba ka sani ba sau da yawa ba ita ce ke kayar da kai ba. Abin da ake tambaya shi ne tsarin maganar: wa ke faɗar me, ina marubucin ya tsaya, me ya sa ya kawo wannan misalin. Bayan kowane sakin layi ka tsaya daƙiƙa biyar ka faɗa wa kanka aikin da ya yi a jimla ɗaya.

Da farko ka yarda ka yi nassi uku da kyau, ka cike na huɗun da zato, tunda ba a rage maki. Sauri daga fahimta yake zuwa. Ka kuma saba da karanta dogon rubutu mai nauyi a kan allo kullum, ko na minti 15 ne, tunda a kan allon za ka zauna.

Sai na biya kuɗin kwas?

Ba dole ba ne. Dandalin hukumar, LawHub, yana da wasu jarrabawoyin atisaye kyauta a irin fuskar da za ka gani ranar, kuma darussan da Khan Academy, mai koyarwa ta intanet, ta shirya an mayar da su LawHub ɗin a 2024. Akwai rajistar shekara ta biyan kuɗi da ke buɗe maka tarin tsofaffin jarrabawoyi, kuma ita ce kuɗin da na fi ganin amfaninsa. Rajistar jarrabawar kanta ta haura dala 200, haɗa takardun neman makaranta ma haka, ban da kuɗin kowace makaranta. Hukumar na yafe kuɗi ga masu ƙaramin ƙarfi da suka cika sharuɗɗanta, ka nema tun kafin ka yi rajista.

Ni na biya wani kamfani kuɗin ajin yamma kai tsaye, na rasa kusan rabin darussan saboda rufe lissafin ƙarshen wata a ofis, kuma ba su mayar mini da komai ba. Idan lokacin tashinka daga aiki ba tsayayye ba ne, ka nemi darasin da aka naɗa, wanda za ka kalla lokacin da ka samu.

Makina ya tsaya wuri ɗaya makonni. In ƙara awoyi?

Kafin ka ƙara, ka duba barcinka. Sau da yawa ma'aikacin da makinsa ya tsaya gajiya ce, kuma hutun kwana uku ba ka taɓa komai ba yakan yi abin da ƙarin awoyi bai yi ba. Idan ka huta bai motsa ba, ka daina cikakkun jarrabawoyi na mako biyu, ka buɗe littafin kuskuren da na yi bayani a sama, ka ɗauki iri biyu na tambayar da suka fi kayar da kai, ka yi su kaɗai ba agogo. Hawa da saukar maki biyu ko uku tsakanin atisaye da atisaye ba komai ba ne, ka riƙa duba matsakaicin biyar na ƙarshe.

Ina da yara, ga aiki, ga azumi na tafe. Anya zai yiwu?

'Yar'uwa, zai yiwu, amma ba a ɓoye ba. Ki zauna da maigida ko wanda kuke tare ki faɗa masa adadin watannin da awoyin da kike bukata, ku raba hidimar gidan a fili. Safiyar rana ɗaya a mako ki bar gidan gaba ɗaya, ɗakin karatu na unguwa kyauta ne, domin jarrabawar atisayen da aka katse sau huɗu ba ta nuna miki komai. Ki ƙara wata biyu a kan lissafin da na bayar a sama, don ciwon yaro da baƙi da biki ba sa neman izini.

A Ramadan ki rage, kada ki tsaya. Rabin awa bayan sahur ya isa ya riƙe miki abin da kika koya. Idan da hali, kada ki sa ranar jarrabawa a cikin watan ko makon Sallah.

Yaushe zan zauna, kuma sau nawa aka yarda?

Yawancin makarantu suna buɗe karɓar takardu a watan Satumba, kuma suna duba su ne yadda suka iso, don haka wanda ya kai da wuri ya samu kujeru da tallafi ba a rabe ba. Mai son farawa baɗi, ya yi ƙoƙari ya zauna tsakanin Yuni da Oktoban bana, ya bar wa kansa damar maimaitawa. Sakamako kan fito bayan kimanin mako uku. Na wajen Amurka da Kanada ya lura cewa ba kowane zama ne a buɗe gare su ba, kuma ya tabbatar da wurin zamansa a shafin hukumar tun kafin ya tsara watanninsa.

An yarda a zauna sau biyar cikin shekaru biyar, sau bakwai a tsawon rayuwa. Makarantu suna ganin duk makin da ba ka soke ba, amma mafi girman shi ne suka fi dubawa. Duk da haka kada ka zauna don ɗanɗanawa. Ka jira har matsakaicin atisayenka ya kai makin da kake nema, ko ya ɗan haura.

Maki nawa nake bukata, musamman da digirina daga gida yake?

Kowace makarantar da ƙungiyar lauyoyin Amurka, ABA, ta amince da ita tana buga makin ɗaliban da ta ɗauka duk shekara. Ka duba na tsakiya a makarantun da kake so, shi ne abin auna kanka. Irin su Yale da Harvard da Stanford nasu ya haura 170, amma akwai makarantu nagari da yawa da ke tsakanin 155 da 165. Maki sama da na tsakiyar makaranta yakan jawo ragin kuɗin karatu, shi ya sa ƙarin wata biyu na shiri kan biya kansa.

Idan digirinka daga Najeriya ko Nijar ko Ghana yake, hukumar ba ta juya sakamakonka zuwa lamba irin ta Amurka, ana sa shi ne a ɗaya daga matakai huɗu na daraja. Hakan ya sa makin LSAT ya zama babbar lambar da za a gwada ka da sauran masu nema. Ka kuma nemi jami'arka ta aika takardar sakamakonka tun farkon shirin, domin ita ce kan makara. Wasu makarantu na karɓar GRE, jarrabawar neman shiga karatun gaba da digirin farko, a madadin LSAT, Jami'ar Arizona ce ta fara a 2016, Harvard ta biyo a 2017, amma ba duka ba, kuma idan kana da makin LSAT a ajiye za su gan shi.

Me zan yi a makon ƙarshe?

Ba a fafe gora ranar tafiya, babu sabon abin da za ka koya a kwana bakwai. Ka yi jarrabawar atisaye ta ƙarshe kwana biyar ko shida kafin ranar, sauran kwanakin ka karanta littafin kuskurenka ka yi 'yan tambayoyi kaɗan. Ka tabbatar sunan da ke kan fasfo ko katin shaidarka ya yi daidai da wanda ka yi rajista da shi harafi da harafi, domin sunayenmu kan zo da rubutu iri-iri, Muhammad a nan, Mohammed a can. Ka karɓi hutun jajibirin daga wurin aiki, ba na ranar kaɗai ba. Da safen ka ci abin da cikinka ya saba da shi, ka warware tambaya biyar masu sauƙi kafin ka fita, don kada tambayar farko ta jarrabawar ta zama Turancin farko da ka karanta a ranar.